Ƙauyen Cikin Na'ura Inda Ba a Mutuwa

Tun da na dawo daga Paraku ban ci tuwo da zafinsa ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da hanya sai ta gyara zama ta ce, "Goggo Kulu, ba mu labari." Na ba matan Jega, na ba na Aliero, shekaranjiya wasu sunka taso tun daga Andarai don su ji da kunnensu. Bakina ya gaji. Shi ya sa na kira Malama Saratu, sakatariyar ƙungiyarmu ta manoman albasa, na ce ta zo da biro da takarda. Ni ban yi boko ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Na dai ja mata kunne, yadda na faɗa haka za ta rubuta, kada ta gyara mini baki. Wanda ya ƙara tambayata, a karanta masa.

Ba yawo ya kai ni ba. Gonar Hajo ta kai ni.

Hajo matar Malam Ummaru ce na Jandutsi. Allah ya yi masa rasuwa tsakiyar damina, ya bar ta da ɗiya biyar da fadama guda a gindin wata tsamiya. Bana kuwa ƙungiya ta ce an daina raba irin albasa da littafi, sai da waya. Akwai wani abu cikin wayar da suke kira manhaja. A nuna mata fuskarka, ta ce kai ne, a auna maka iri. Malama Saratu ta je Jandutsi, ta taɓa sunan gidan, waya ta ce a kawo fuskar Malam Ummaru. Ta nemi inda za ta ce ya rasu, babu. Ta so ta sa sunan Hajo, waya ta ce gonar na da mai ita.

Ga Hajo cikin takaba, ko zaure ba ta leƙawa, balle ta je ofis ta yi wa kanta magana. Takabar ba za ta fita ba sai an gama dashe. Irin kasuwa ba ta da halinsa, kuma rabinsa ba ya tsira. Ƙanen mijin ya riga ya fara zagaya fadamar da safe, yana cewa in ba za a shuka ba, a ba shi aro. Na ga irin wanga aro sau da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin wanda ya koma hannun marayu ba. Da na shiga ɗakinta, ba ta roƙe ni ba. Cewa kawai ta yi, "Goggo, wai waya ta ce sai Malam ya zo da kansa." Na ce ta bar mini.

Ina da ɗiya wurin masu ƙera abin. Rabi, ɗiyar ƙanena, ta yi karatun kwamfuta, aiki ya kai ta Paraku a ƙasar Binin, kuma kamfaninsu ne ya yi wa ƙungiyarmu manhajar. Na sa anka kira mini ita.

"Goggo, wallahi mun gwada ta," in ji Rabi. "Sau nawa! Ba ta taɓa ƙin kowa ba."

"Da wa kunka gwada?"

"Da mutanenku mana. Duk muna da su a nan."

"Mutanena na Paraku ni ban sani ba? To, ina nan tafe in gaishe su."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Lokacin saura kwana goma sha biyu a zuba iri.

Washegari bayan sallar asuba na shiga motar Na-Allah, direban da ke kai 'yan kasuwa bakin iyaka. Kayana ba yawa: zane ukku, buta, tabarma, da kwando guda na albasa da na zaɓo daga ruduna. Ga wanda bai sani ba, rudu shi ne ɗan rumbun kara da muke ɗagawa bisa itace mu rufe da ciyawa, albasa ta yi watanni ciki tana shan iska. Ba a zuwa gidan mutane hannu sake.

Kusa da ni wani mahauci ne daga Aliero, za shi sayen shanu. Tun kafin mu kai Maiyama ya gama jin abin da ke tafe da ni, don ni ba na ɓoye tafiyata.

"Goggo," ya ce, "ke da ko lambar motar ga ba ki iya karantawa, ke za ki gyara wa masu kwamfuta aiki?"

"Kai da wace takarda kake gane saniya mai ciwo?"

Mota ta kwashe da dariya. A Maiyama taya ya yi faci, munka sauka, shi ya saya mini masa don ya wanke bakinsa. Masar ba ta kai tamu ba, amma na ci. Daga nan sai Koko, sai munka haye Kwara bisa gada. Na rufe ido ina salati har munka ƙetare, ba don tsoro ba, don dai ruwan ya yi yawa.

A bakin iyaka, Tsamiya, wani jami'i mai ladabi ya karɓi katin shaidata ya tambayi shekaruna. Na ce ya duba abin da ke hannunsa. Ya ce yana son ya ji daga bakina. Na ce to ya rubuta na girmi uwarsa. Ya yi murmushi ya ce, "Na yarda, Inna. Ina katin rigakafi?" Nan ne na tuna inda na adana shi. Na naɗe shi a leda na sa ƙarƙashin kwando don kada ya ɓace, na zuba albasa a kai. Haka na durƙusa gaban jama'a na kwashe albasa ɗaya bayan ɗaya bisa tabarma, mahauci na tsaye yana cewa Goggo ta buɗe kasuwa. Katin ya fito yana warin albasa. Amma kwashewar ta yi rana, don na tarar da ukku sun fara laushi a ƙasa. Na tsince su na yar. Da sun kwana biyu a haka da sun ɓata mini rabin kwando.

Hayin iyaka garin Segbana ne. Motarsu ta can mutum huɗu ake sawa gaba, direba na biyar, yana tuƙi rabin jikinsa a waje. Ba a tafiyar duhu a wagga hanya, don haka tun da sauran rana munka yada zango a Kandi, gidan wata Badendiya da ke saukar da fatake. Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba, ni kuwa ba na jin Dendi ko kaɗan, amma mun yi hira har magariba da hannu da gira. Na gane mijinta ya mutu, ta gane nawa ma haka. Ta ba ni sakwara da wata miya mai cukun Fulani, jajaye a waje, farare a ciki, suna kiransu wagashi. Na ɗauka nama ne, na tauna na ji shiru. Na ba ta albasa biyar. Ta ɗaga ɗaya ta juya ta, ta sunsuna, ta ɗaga mini babban yatsa. Mace ce da ta san abu.

Da hantsi na isa Paraku. Abin da na fara gani shi ne mata bisa babur, su ke tuƙi, da goyo a baya da kwano a ka. Wata ma sa'ata ce. Burodinsu dogo ne awa taɓarya, ana saƙala shi a hammata ba ko leda. In rana ta take kuma sai kowa ya kulle shago ya tafi ya kwanta, kamar an yi musu alkawarin kasuwa za ta jira su. Rabi ta tarbe ni a tasha, hannu a baki.

"Goggo! Ashe da gaske kike?"

"Yaushe na taɓa yi miki wasa da mota? Ɗauki kwandon ga. Kai ni wurin mutanena."

Ofishin nasu ɗaki biyu ne saman wani shago, mutum shida kowa da kwamfutarsa, ga sanyi kamar cikin randa. Mai gidansu wani dogo ne, Musye Biyo, ba ya jin Hausa, Rabi ke juya mana magana. Ya taso da fara'a ya miƙo mini hannu. Ni ba na musabaha da maza, kuma ba na son in kunyata shi gaban yaransa. Sai na ɗauko albasa mafi girma na ɗora masa a tafin. Ya tsaya yana kallonta, can ya fashe da dariya. Daga nan munka shirya.

Rabi ta zaunar da ni ta yi mini bayani, kuma na fahimta tun karon farko. Rumbu biyu ne. Akwai na gaskiya, inda su Malama Saratu ke zuba labarin kowane manomi, wanda ya shigo, wanda ya fita. Wannan ba a wasa da shi. Sai kuma anka kwafo shi anka yi na biyu, na gwaji, wanda su masu ƙira ke gwada manhaja a kansa kafin su aiko mana. In ta ɓata wani abu can, ba wanda ya cutu. Kuma don kada su san sirrin mutane, an sauya wa kowa suna a na gwajin.

"To, karanto mini su," na ce.

"Goggo, ba za ki gane kowa ba. Sunayen ƙarya ne."

"Karanta dai."

Ta fara. Wani wai shi Piyer, Giwa Tazo, gona biyu, injin ban ruwa guda, iyali goma sha tara.

"Alhaji Bawa ne. Ya rasu bara waccan, ɗiyansa maza sun raba gonar ukku. Wuce."

Wata wai Anyes, Andarai, fangalin albasa arba'in bakin gulbi.

"Tumba ce. Gulbi ya cinye wagga gona, ita kuma ta yi aure ta koma Maiyama. Wuce."

Na ga yaran ofis sun bar kwamfutocinsu sun juyo. Rabi na karantawa, ina faɗi, tana juya wa Musye Biyo. Mutum ashirin ta karanto, biyu kawai sunka shige mini, su ma don gonakinsu sun yi kama. Sai ta zo kan wani wai shi Lusiyan. Jandutsi, fadama guda gindin tsamiya, iyali shida.

Na ce ta dakata nan.

"Malam Ummaru ne, mijin Hajo. Iyali shida kika ce? Ai bakwai ne. Autar ba a haife ta ba ke nan lokacin da kunka ɗauko wanga labari. Yarinyar da yanzu take gudu tana kora kaji. Rabi, yaushe rabon ku da ku leƙa rumbun gaskiya ku sake kwafowa?"

Rabi ta duba, ta sunkuyar da kai. Shekara ukku. Tun ranar da anka fara rubuta sunayen 'yan ƙungiya anka kwafo shi sau ɗaya, ba a ƙara ba.

"To ga ciwonku nan," na ce. "Ranar da anka fara rubuta suna, wa zai rubuta matacce? Kowa na da rai. Kun ajiye ƙauye a cikin na'ura, shekara ukku ba a mutu ba, ba a haihu ba, ba a raba gado ba, gulbi bai ci gonar kowa ba. Can kunka reni abarku, ba ta taɓa ganin gawa ba. Ta zo garinmu ta ji an ce mutum ya rasu, ina za ta san me ake nufi?"

Musye Biyo ya yi dogon bayani. Wai ɗauko sabon kwafi da sauya sunaye aikin hannu ne, yana cin kwana biyu, kuma kullum akwai abin da ya fi shi gaggawa. Wai kuma tsohon bai taɓa ba su matsala ba.

Na ce Rabi ta gaya masa ba ragi: ruduna ma in ban buɗe shi ba, ba ya ba ni matsala. Daga waje ciyawa lafiya lau. Sai ranar da za a kai kasuwa a ɗaga a tarar da ruwa. Ni duk mako nake buɗewa, in sa hannu har ƙasa, in juya, in tsince masu laushi. Ba don ina jin daɗin aikin ba.

Ya ce gaskiya ne, za a yi a wata mai zuwa.

Wata mai zuwa! Saura kwana goma a zuba iri. Ban yi masa gardama ba. Na warware tabarmata tsakiyar ofis, tsakanin teburinsa da ƙofa, na ajiye buta, na zauna na jawo carbi. Rabi ta raɗa mini, "Goggo, don Allah, wurin aikina ne." Na ce ni ma aikina nake.

Kada in ci haƙƙinsa, ba tabarmar kaɗai ta motsa shi ba. Abin da ya fi tada masa hankali shi ne yadda na gane kowa. Ashe ya yi wa ƙungiya alkawarin ba mai iya gane mutum a rumbun gwaji, ga tsohuwa ta zo daga Jega ta tona masa ƙauyuka ukku kafin azahar. Ya tsallake tabarmata sau biyu yana waya, na ukku ya tsaya ya tara yaransa. Aiki ya zama biyu: a ɗauko sabon kwafi, a kuma rufe mutane da kyau, ba suna kaɗai ba, har ƙauye da girman gona da yawan iyali a cakuɗa su. Rabi ta ce ita za ta koya wa na'urar ta riƙa yi da kanta, kada ya ƙara zama aikin da ake jira wani ya samu sarari.

Kwana biyu tana kai. Ni kuma ina zaune ina ɓare musu gyaɗa, da rana su kulle ofis mu tafi ɗakin Rabi. Na gwada burodin nan dogo, ya kusa tafiya da haƙorina na gaba.

Ranar da sabon kwafi ya sauka, sunka saki manhaja a kansa. Fuskar kwamfutar Rabi ta yi ja wur, layi bisa layi. Wani saurayi cikinsu ya ɗora hannu a ka. Ga matattu, ga gonar da ta rabu ukku, ga wadda ta sake gari, duk inda manhaja ta taka sai ta faɗi. Ashe ba Hajo kaɗai ba ce, akwai zawarawa da dama da waya ta kora sunka koma gida shiru. Su suna salati da yarensu, ni kuwa raina fari ƙal. Na ce, "Yawwa. Yanzu kun iso garinmu."

Kwana ukku suna gyara, kuma ni anka mayar malama. In mutum ya mutu wa ke riƙe gonar marayu? Na faɗa. In 'yan'uwa sun raba, injin fa? Na faɗa. Da anka zo kan fuskar Hajo, Musye Biyo ya ce ai sai ta fito ofis na ɗan lokaci a ɗauki hoto. Na ce ba ta fita. Ya ce su ma matansu na zaman makoki, amma suna zuwa asibiti da kasuwa. Na ce malamanmu ma sun ce in lalura ta kama ana fita, amma ba malamai ke zaune da dangin miji ba, ita ke zaune da su. A yi yadda mace za ta shiga har ɗaki da waya, mata biyu 'yan ƙungiya su shaida. Ya rubuta.

Da sunka gama, ja ya koma kore. Rabi ta ce daga yanzu duk Juma'a na'ura za ta sake kwafowa da kanta. Sai ta ce, "Goggo, zo ki gwada mu."

Ta karanto mutum goma. Na kasa kunne iya kasawa. Wanga ya yi kama da wane, amma ƙauyen ba nasa ba. Waccan gonar wance ce, amma iyalin sun yi yawa. Ko ɗaya ban gane ba.

"To ni wacce ce a ciki?"

"Ni ma ban sani ba, Goggo. Kina ciki, amma ba mai iya nuno ki."

Sun yi tafi. Ni ban yi ba. Na san abin da ake so ke nan, amma a ce akwai wurin da Kulu take ba a gane ta, bai yi mini daɗi ba, kuma ban ɓoye musu ba. Musye Biyo ya rako ni har tasha, ya saya mini wagashi cike da leda. Wanga karo bai miƙo hannu ba, ƙirji ya dafa.

Dawowa ba labari, sai dai katin rigakafi a ɗan tofina na ɗaure shi. Na iso Jega saura kwana biyu. Ko wanka ban yi ba na ɗauki Malama Saratu da wata 'yar ƙungiya munka nufi Jandutsi. Munka tarar da Hajo bisa tabarma da carbi, autar na barci a cinyarta. Malama Saratu ta taɓa sunan gidan. Wanga karo waya ta yi tambaya: mai gonar na raye? Ta ce a'a. Wa ke riƙe wa marayu? Ta ɗaga wayar saitin fuskar Hajo, mu biyu munka shaida. Waya ta yi ɗan ƙara, ta karɓa.

Na ba Hajo labari kamar yadda na ba ku, har da ƙauyen cikin na'ura, da sunan da anka laƙaba wa mijinta. Ta ce in maimaita. Na ce Lusiyan. Ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi, sai dariyar ta tsaya.

"Goggo, kina nufin har makon jiya Malam yana can da ransa? Da gonarsa?"

"Yana can. Ni na sa anka rubuta ya rasu."

Ta daɗe tana shafa kan yarinyar.

"Da kin bar mini shi," ta ce a hankali. Can kuma ta share ido ta ce, "A'a. Shi da kansa da zai ce a ba yaran iri. Yaushe za a auna?"

An auna washegari. Yayan Hajo ya zo ya ja fangali, anka zuba a kan lokaci. Makon jiya na bi ta gindin tsamiyar, iri ya tsiro kore shar kamar gashin jariri. Na ci karo da ƙanen mijin yana tsaye bakin gona, hannu a baya. Ya gaishe ni, na amsa. Ya ce ya ji na yi tafiya mai nisa. Na ce ƙwarai, ya matsa kaɗan, yana taka wa marayu fangali.